Shin fasisanci ne ya dawo Turai da Amurka?

Wani ɗan'uwa mai karatun digiri na biyu ya rubuto da tambaya kamar haka: "Malam, kullum sai mu ji a rediyo masu tsattsauran ra'ayin riƙau sun ci zaɓe a Italiya, sun zo na biyu a Jamus, sun kusa karɓar mulki a Faransa. Wasu na cewa fasisancin Musolini da Hitila ne ya dawo, wasu kuma na cewa sharrin abokan hamayya ne kawai. Wanne za mu ɗauka?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Amsar a taƙaice ita ce: dangi ne, amma ba shi ba ne. Akwai abin da suka gada daga fasisanci, kuma abin da suka gada ɗin shi ne mafi muni a cikinsa. Akwai kuma abin da suka ajiye, wanda idan babu shi ba za ka kira gwamnati ta fasisanci ba. Kafin a kai ga wannan dole mu san mene ne ainihin abin da 'yan fasist suka aikata, domin yanzu sunan ya zama zagi, kowa yana jifan wanda ba ya so da shi.

Musolini ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan a watan Maris na 1919, 'yan watanni bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. A zaɓen ƙarshen wannan shekarar bai samu ko da ƙuri'a 5,000 a Milan ba, bai kuma samu kujera ko ɗaya ba. Abin da ya tashe shi ba akwatin zaɓe ba ne. A ƙauyukan kwarin kogin Po, wajejen Ferrara da Bologna, leburorin gona sun kafa ƙungiyoyi masu ƙarfi, suna tilasta wa masu manyan gonaki ƙarin lada. Sai masu gonakin suka buɗe bakin jaka suka ɗauki nauyin matasan Musolini, galibinsu tsofaffin sojoji da suka dawo daga fagen fama babu aikin yi. Da dare sai a cika motar ɗaukar kaya da samari masu baƙaƙen riguna, kowa da kulki, wasu da bindiga. A shiga ƙauye, a ƙone ofishin ƙungiyar leburori, a fito da shugabanta a gaban matarsa da 'ya'yansa a lakaɗa masa duka, sannan a ɗura masa man zurma don ya yi ta zawo a bainar jama'a. 'Yan sanda suna gani suna kau da kai, wani lokaci ma su ne ke ba da aron mota. Cikin 1921 da 1922 an rusa ƙungiyoyin da aka shafe shekaru talatin ana ginawa.

Ko a zaɓen 1921 kujeru 35 kacal jam'iyyarsa ta samu daga cikin 535. Amma a watan Oktoba na 1922, da dakarunsa suka nufi Rum, Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙi sa hannu a dokar ta-ɓaci da za ta ba soja damar tare su, ya kira Musolini ya ba shi firaminista. A 1924 ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya tashi a zauren majalisa ya lissafa maguɗin da aka yi a zaɓe. Bayan kwana goma sha ɗaya aka sace shi aka kashe. Zuwa 1926 an haramta duk wata jam'iyya in ban da ta Musolini. A Jamus ma haka tafiyar ta kasance, sai dai ta fi sauri. Hitila bai taɓa samun rinjaye a zaɓe mai 'yanci ba: kashi 37 cikin 100 a Yulin 1932, ya sauko zuwa kashi 33 a Nuwamba. Dattawan masu ra'ayin mazan jiya ne suka lallashi Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, suna ganin za su riƙe masa linzami. Zuwa tsakiyar Yulin wannan shekarar babu sauran wata jam'iyya a Jamus in ban da tasa.

Sannan akwai yaƙi. Fasisanci bai ɗauki yaƙi a matsayin larura ba, ya ɗauke shi abin da ke tsarkake al'umma. Mu a Afirka mun ɗanɗana tun kafin Turai ta ɗanɗana. A gabashin Libiya an kwashe mutane kusan 100,000 aka zuba su a sansanoni cikin hamada, dubun-dubata suka mutu, aka rataye Umar Mukhtar a watan Satumba na 1931 a gaban mutanensa. A 1935 aka afka wa Habasha da iskar guba. Kakanninmu da aka ɗauka soja a Kano da Zariya da Sakkwato suna cikin rundunar Najeriya da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 tana korar sojojin Musolini. Saboda haka wannan tarihin ba na Turawa ba ne su kaɗai.

Ka ga ke nan fasisanci ya ƙunshi jam'iyya mai dakarunta, ƙin zaɓe a fili, jam'iyya ɗaya da ke haɗiye ƙungiyoyin ƙwadago da makarantu da matasa, da kuma burin mamaye ƙasashen wasu. A ƙarƙashin wannan duka akwai labari guda: al'ummarmu ta kasance mai girma, maƙiya na ciki da baƙi sun ruɓar da ita, sai an kakkaɓe su za ta sake haihuwa.

To, jam'iyyun yau fa? Wasu daga cikinsu salsalarsu a bayyane take. A Disambar 1946 tsofaffin jami'an gwamnatin Musolini ta ƙarshe suka kafa jam'iyyar MSI, Giorgio Almirante na kan gaba. Alamarta harshen wuta ne mai launin tutar Italiya. Giorgia Meloni, wadda ta zama firaministar Italiya a 2022, ta shiga reshen matasan wannan jam'iyya tana 'yar shekara 15, kuma harshen wutar nan har yanzu yana jikin tambarin jam'iyyarta, Fratelli d'Italia, wadda ta tashi daga kashi 4 a 2018 zuwa kashi 26 a 2022. A Faransa, cikin waɗanda suka kafa Front National tare da Jean-Marie Le Pen a 1972 akwai Pierre Bousquet, wanda ya yi wa SS, rundunar musamman ta jam'iyyar Hitila, aiki. Jam'iyyar FPÖ ta Ostiriya, wadda ta zo ta ɗaya a zaɓen 2024 da kusan kashi 29, shugabanta na farko a 1956 tsohon hafsan SS ne, Anton Reinthaller.

Amma kada ka dogara da salsala kaɗai, za ta ɓatar da kai. AfD ta Jamus malaman tattalin arziki ne suka kafa ta a 2013 don adawa da kuɗin yuro, ba ta da kakan ɗan Nazi a takarda. Duk da haka ita ce ta fi zafi a yau, har Marine Le Pen, 'yar Jean-Marie da ta gaje shi a jam'iyyar, ta raba gari da ita a majalisar Turai a 2024 saboda ɗan takarar AfD ya ce ba kowane ɗan SS ne mai laifi ba. Jagoranta a jihar Thuringia, Björn Höcke, kotu ta ci shi tara a 2024 kan amfani da taken dakarun Hitila a wajen gangami, kuma bayan 'yan watanni jam'iyyar ta zo ta ɗaya a jihar da kusan kashi 33. Wato wasu sun fito daga gidan fasisanci suna nisanta da shi, wasu sun fito daga wani gida suna matsowa kusa da shi.

Bambancin da ke tsakaninsu da na da babba ne, kuma ba na son a raina shi. Babu wata daga cikin manyan jam'iyyun nan da ke da dakaru masu kaki. Ba su ce a soke zaɓe ba, hasali ma kullum iƙirarinsu shi ne su ne muryar talaka da manya suka danne. Ba sa neman mamaye ƙasar kowa, so suke su kulle ƙofar tasu. Turan da suke ciki ma ba ta 1920 ba ce: babu miliyoyin samarin da suka saba da jini a ramukan yaƙi, babu barazanar juyin gurguzu da za ta sa attajirai su ɗauki 'yan daba haya. In kana son ganin fasisanci na ainihi a wannan zamani, dubi Golden Dawn ta Girka. Ta shiga majalisa a 2012 da kusan kashi 7, tana da samari masu baƙaƙen riguna da ke bin kasuwanni suna farfasa teburan baƙi. A 2013 mutanenta suka kashe wani lebura ɗan Pakistan, Shahzad Luqman, yana kan keke zai tafi aiki, sannan suka kashe mawaƙi Pavlos Fyssas. A Oktobar 2020 kotu ta yanke cewa ƙungiyar masu laifi ce ta fake da sunan jam'iyya, aka ɗaure shugabanninta. Wannan ita ce fasist. Meloni ba haka take ba, Marine Le Pen ba haka take ba.

Abin da suka gada shi ne labarin nan na ƙasa. Tambayarsu ta farko har yanzu ita ce: wane ne ɗan ƙasa na gaskiya? Kuma amsar ba takarda ba ce, jini ne da asali. Abin da ya canza salon magana ne. Tun daga 1968 wasu masana a Faransa ƙarƙashin Alain de Benoist suka fahimci cewa bayan kisan Yahudawa miliyan shida babu mai sauraron wanda ya ce farar fata ta fi baƙa. Sai suka koma cewa kowace al'ada tana da daraja, amma kowacce ta zauna a ƙasarta, kada a gauraya. Da wannan aka cire Bayahude daga kujerar babban maƙiyi, aka ɗora Musulmi da baƙar fata ɗan ci-rani. Geert Wilders, wanda jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya a Holan a 2023 da kujeru 37 cikin 150, ya shafe shekaru yana kiran a haramta Alƙur'ani a rufe masallatai. Marine Le Pen ta yi yaƙin neman zaɓen 2022 da alƙawarin hana sa hijabi a kan titi da fifita ɗan Faransa a aiki da gidajen gwamnati, ta kuma samu kashi 41 a zagaye na biyu, alhali ubanta kashi 18 ya samu a 2002.

A 2011 wani marubuci ɗan Faransa, Renaud Camus, ya yaɗa cewa akwai shiri da manya ke yi na musanya fararen Turai da Musulmi da 'yan Afirka. Wannan tatsuniya ita ce ta haɗa mai kwat a majalisa da mai bindiga a titi. Wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 da ita ya kafa hujja. Haka wanda ya harbe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a Buffalo ta Amurka a 2022. Daga cikinta kuma aka haifi maganar mayar da baƙi inda suka fito. A Nuwambar 2023 aka yi wani taro a asirce a wani gida kusa da Potsdam, da 'yan AfD a ciki, har da mai ba shugabar jam'iyyar, Alice Weidel, shawara. Martin Sellner ɗan Ostiriya ya yi bayanin yadda za a fitar da masu neman mafaka da baƙi masu izinin zama, sannan a matsa wa waɗanda suke da takardar zama 'yan ƙasa amma a ganinsa ba su saje ba. Da labarin ya fito a Janairun 2024 dubban ɗaruruwan Jamusawa suka fito zanga-zanga. Bayan shekara ɗaya Alice Weidel ta tsaya a babban taron jam'iyya ta rungumi wannan magana ta mayar da baƙi a fili, a Fabrairun 2025 kuma AfD ta samu kusan kashi 21, ninki biyu na abin da ta samu a 2021. Ranar da aka fara raba 'yan ƙasa gida biyu, na asali da na takarda, an taka ƙasar da dokokin wariya na Jamus a 1935 da na Italiya a 1938 suka tsiro a kai. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a cikin al'amarin duka.

Bari in nuna maka yadda abin yake a ƙasa. A garin Macerata na Italiya an kashe wata yarinya 'yar shekara 18 a ƙarshen Janairun 2018, aka kama wani ɗan Najeriya, daga baya kotu ta same shi da laifi. Ranar 3 ga Fabrairu wani matashi, Luca Traini, wanda ya taɓa tsayawa takarar kansila a jam'iyyar Lega mai ƙin baƙi, ya shiga motarsa da bindiga ya riƙa zagaya gari yana harbin duk baƙar fatar da ya gani. Mutum shida ya raunata, babu wanda ya san yarinyar a cikinsu. Da ya gama sai ya tsaya a gaban dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, ya yafa tutar Italiya, ya miƙe hannun dama irin sarawar 'yan fasist, ya jira 'yan sanda. Shugaban Lega, Matteo Salvini, ya ce tashin hankali ba mafita ba ne, amma ya ɗora alhakin a kan kwararar baƙi. Bayan wata ɗaya aka yi zaɓe, Lega ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 17. Jam'iyyar ba ta aiki Traini ba, ba ta kuma buƙatar aika shi. A zamanin Musolini mai kulki yana karɓar umarni daga ofishin jam'iyya. Yanzu mai magana daban, mai harbi daban, kowa na iya cewa bai san ɗayan ba.

Dalilan tashinsu sanannu ne, ba zan daɗe a kai ba. Durƙushewar tattalin arziki ta 2008 da tsuke bakin aljihun da ya biyo baya. Shigar masu neman mafaka kusan 890,000 Jamus a 2015 kaɗai. Hare-haren Paris da Brussels da Nice. Garuruwan da masana'antu suka mutu, irin Hénin-Beaumont a arewacin Faransa, garin masu haƙar kwal da ya shafe shekaru yana zaɓen 'yan gurguzu kafin ya koma hannun jam'iyyar Le Pen a 2014. Manyan jam'iyyu biyu da suka yi ta karɓa-karɓar mulkin Faransa, a zaɓen shugaban ƙasa na 2022 ko kashi 7 ba su haɗa ba su biyun. Sai kuma Facebook da TikTok, inda fushi ya fi komai tafiya. Talauci kaɗai bai isa bayani ba, domin Suwidin da Holan da Ostiriya ba matalauta ba ne. Kuma mafi yawan masu zaɓensu ba Hitila suke mafarki ba. Mutane ne da suka ji an daina sauraronsu, aka nuna musu baƙo aka ce ga mai laifin.

Inda ake gane su sosai shi ne idan sun hau mulki, da kuma idan sun faɗi. Viktor Orban na Hangari ya ci kashi 53 a 2010, tsarin zaɓe ya ba shi kashi biyu cikin uku na kujeru. Da wannan ya rubuta sabon kundin tsarin mulki, ya ƙara alƙalan kotun tsarin mulki daga 11 zuwa 15 ya cike da nasa, ya rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62 don a share tsofaffi, ya sake shata mazaɓu. A 2018 attajiran da ke kusa da shi suka tattara kafofin yaɗa labarai sama da 400 suka miƙa wa wata gidauniya guda. Bai ɗaure madugun adawa ba, bai soke zaɓe ba, ya ci huɗu a jere. Kowane mataki da doka aka yi shi. Wannan ba fasisanci ba ne, amma ba dimokuraɗiyyar da mai mulki ke tsoron kotu da jarida ba ce. A Polan jam'iyyar PiS ta bi wannan hanya daga 2015, ta faɗi a 2023, ta kuma sauka. A Amurka Donald Trump ya faɗi a 2020 ya ƙi yarda, magoya bayansa suka fasa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, da ya dawo a 2025 ya yafe wa kusan 1,500 daga cikinsu, har da waɗanda suka doki 'yan sanda. Robert Paxton, ɗaya daga cikin manyan masana tarihin fasisanci, ya daɗe yana ƙin kiran Trump fasist. Abin da ya faru ranar nan ne ya sa ya canza matsayi. Ina ganin ma'auninsa daidai ne: shugaba ya ƙi sakamakon zaɓe, ya kuma sa wa tashin hankalin mabiyansa albarka. A Barazil magoya bayan Bolsonaro sun kwaikwayi haka a Janairun 2023, sai dai can kotu ta yanke wa Bolsonaro, tsohon shugaban ƙasar, ɗaurin shekara 27.

Akwai wata magana da nake son mutanenmu su ji. Na ga yadda ake yaɗa bidiyon Meloni tana ɗaga takardar kuɗin sefa tana zargin Faransa da tatsar Afirka, ana ta yi mata kirari. Ana kuma yaba wa Orban da Trump saboda suna maganar iyali da addini da ƙin auren jinsi. Bidiyon nan na 2019 ne, lokacin tana adawa, kuma hujjar da take kafawa ita ce a hana 'yan Afirka zuwa Italiya. Iyalin da suke karewa nasu ne, addinin da suke nufi ba naka ba ne. Orban da bakinsa ya ce a 2022 ba sa son zama al'umma mai gaurayen jinsi, har wata tsohuwar mai ba shi shawara ta ajiye aiki tana cewa wannan magana irin ta 'yan Nazi ce. A gefe guda adalci ya sa in faɗa cewa Meloni a kan mulki ta la'anci dokokin wariya na 1938 a gaban majalisa, kuma gwamnatinta ta amince da bizar aiki 452,000 ga baƙi tsakanin 2023 da 2025, saboda gonaki da masana'antu da tsofaffin Italiya ba za su rayu babu su ba. Ana son hannun baƙo, ba a son ya zama ɗan gida.

Abu ɗaya da bai canza ba tun 1922 shi ne masu buɗe ƙofa. A 2000, da FPÖ ta shiga gwamnatin Ostiriya, sauran ƙasashe 14 na Tarayyar Turai sun juya mata baya. Yau babu mai ko ɗaga gira. A Suwidin gwamnatin da aka kafa a 2022 da goyon bayan jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin riƙau ta ƙasar ta tsaya. A Janairun 2025 Friedrich Merz, jagoran masu ra'ayin mazan jiya na Jamus, ya gabatar da ƙudurin tsaurara shige da fice a majalisar Jamus, ya wuce da ƙuri'un AfD, abin da aka daɗe ana rantsuwa ba za a yi ba, har tsohuwar shugabar gwamnati Angela Merkel ta fito ta soki lamirinsa. Kuma ba sai sun ci zaɓe manufarsu ke aiki ba, tsoronsu ya isa. Mutanen Agadas shaida ne. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani, wadda aka tsaurara aiki da ita daga 2016 bisa matsin Tarayyar Turai da kuɗinta, ta sa an kama direbobi, an ƙwace motoci, masu tafiya suka bar hanyar rijiyoyi suka koma bin lungunan hamada inda mota in ta lalace sai dai a tsinci gawarwaki. Sai a Nuwambar 2023 gwamnatin soja ta soke ta. Yarjejeniyar da Italiya ta ƙulla da Libiya a Fabrairun 2017, wadda ta ba masu gadin tekun Libiya jiragen ruwa da horo don su kamo mutane su mayar da su gidajen tsare da kowa ya san azabar da ake yi a ciki, ba Salvini ne ya ƙulla ta ba, ba kuma Meloni ba. Gwamnatin Paolo Gentiloni ce, ta masu sassaucin ra'ayi, ana saura shekara guda a yi zaɓe.